Sannu da ƙarfi, Malam mai riƙe da makomarsa

Na so in yi shiru wallahi, amma abin ya tsaya mini a wuya. Baiwar Allah ta rasa gida a ambaliyar Maiduguri, ta rasa kayan ɗakinta, ta rasa 'yan tumakin da take kiwo, an kara mata waya a baki ta ce "Allah ne gatanmu, Shi muka bar wa komai." Shi ne kai kuma ka tono bidiyon bayan an kwana biyu, ka maida shi abin koyarwa. Wai irin wannan tunanin ne ya hana Arewa ci gaba. Wai kowa shi ke riƙe da makomarsa. To sannu, Malam. Allah ya ƙara ƙarfin damtse.

Ina kake ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle mutanen Maiduguri suna barci? Kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya shiga Gwange, ya shiga fadar Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri inda likitoci da injuna suke. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 200 suka fice. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ma bai tsira ba, har sai da aka gargaɗi jama'a su yi hattara da kada da macizai a cikin unguwa. Kowa ya ga hotunan: magidanci da katifa a ka, ruwa iya ƙirji, yaro a wuyansa yana riƙe da kunnensa. Mai jif ya bar ta a ƙofar gida ruwa ya shanye, ya hau bayan motar sojoji kafaɗa da kafaɗa da mai tura baro. A wannan daren, gaya mini, wace dabara ce ta yi aiki? Digirin wa ya tare ruwa?

'Yan Kasuwar Monday fa? Gobara ta cinye musu shaguna a Fabrairun 2023, suka ci bashi, suka sake zuba kaya, ko shekara 2 ba a yi ba ruwa ya zo. Su ma ragwaye ne? Mutanen da tun asuba suke kan ƙafafunsu? Sun yi iyakar abin da ɗan Adam zai iya, ƙarfin ne ya ƙare. Ƙarfin mutum yana ƙarewa, Malam. Abin da ka kasa ganewa ke nan.

Kuma ba kai ka fara ba. Ɗan Annabi Nuhu ma da ruwa ya taso cewa ya yi zai hau dutse ya tsare shi. Ƙaruna ya ce iliminsa ne ya tara masa dukiya. Kai, bar ta waɗannan. Sahabbai ne a Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, su 12,000, yawansu ya burge su, sai ga ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, har sai da Allah ya saukar da natsuwarsa. Su ne kuma a Badar, ba su wuce 300 da 'yan kai ba, suka yi nasara. In waɗannan ba su tsira da ƙarfinsu ba, wane ne ni, wane ne kai?

Na san abin da za a zo a rubuta mini a ƙasa. "Ai Annabi (SAW) ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali." Mun ji, tun muna Islamiyya muka haddace. Wa ya ce kar a ɗaure? An yi irin wannan ambaliya a 1994, shekara 30 cif ke nan kafin wannan, don haka masu alhakin kula da madatsar suna da tambayoyin da za su amsa, nan duniya da gobe kiyama. Je ka can ka yi musu laccar. Wannan matar raƙumin wa aka ba ta ta ɗaure? Madatsa ce a hannunta?

Ku kuma 'yan uwa da kuke cikin wani hali, da ku nake yanzu, ba da wasa ba. Mai jinyar mahaifi ana wankin ƙoda duk mako, an sayar da fili an sayar da mota. Wanda ake kira da lambar da bai sani ba ana yanka masa kuɗin fansa. Uwar marayu da ke auna garin kwaki da gwangwani don ya kai gobe. Kar wani ya sa ka ji kamar gazawarka ce ta jawo, ko kuma kukan da kake kai wa Allah cikin dare rauni ne. Ka yi abin da za ka iya, inda ka tsaya ka ce "La haula wa la ƙuwwata illa billah." Annabi (SAW) ya gaya wa Abu Musal Ash'ari cewa taska ce daga taskokin Aljanna. Wanda ya ɗauka shi kaɗai ke ɗauke da kayan, shi ne zuciyarsa ke bugawa. Wanda ya san akwai Mai ƙarfin da ba ya gajiya, yakan samu ya runtsa, da safe ya sake fita nema. Kai kuma Malam, matar nan da ka yi wa dariya ta fi ka sanin inda ƙarfi yake.

Af, tun da an zo maganar bidiyo: ku masu rabon tallafi, don girman Allah ku rage haska fuskokin mutane. Kwano 2 na shinkafa da taliya 3, amma mai kyamara 4, har da mai cewa "Mama ɗaga ledar sama." Gobe 'ya'yanta za su girma su tarar da shi a Facebook. In hoton ya zama dole, ku ɗauki buhunan.