Ni da ƙugiyar risiti

Wallahi har yau in na tuna sai kunyar kaina ta kama ni. Tun canjin kuɗin 2023 da kowa ya koma tiransifa na sayi 'yar na'urar buga risiti a shagona na Kantin Kwari, irin mai haɗuwa da waya ɗin nan. A ƙasan risitin na sa addu'a: "Mun gode, Allah ya kawo ƙaruwa." To ita na'urar ba ta san harafi mai ƙugiya ba, sai ta riƙa bugo "Allah ya kawo ?aruwa", kamar ita ma tambaya take.

Ba wanda ya taɓa magana fa. Ni kaɗai abin ya tsaya wa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Rannan a goman ƙarshe na azumi, kasuwa ba masaka tsinke, na ɗauki na'ura zan tafi kasuwar waya ta Fam Santa, yarona yana cewa Maigida Alhajin Maraɗi fa yau ya ce zai shigo, na ce ai minti talatin ne. Awa huɗu na yi a kan benci da ƙishirwa, mai gyara ya karɓe wayata ya sauke wannan manhaja ya goge waccan, ya cinye min data tas, can dai ya ce Alhaji an gama alamar tambaya ta tafi. Na ba shi dubu uku har da godiya, ko dubawa ban yi ba.

A cikin adaidaita na ga kira tara. Ashe Alhaji ya zo da kuɗin dila biyu na atamfa, yaro ba shi da ikon yanke farashin sari, ya gaji da jira ya tsallaka shagon maƙwabcina. Shi kuwa maƙwabcin nawa ina isowa ya tare ni da sannu da zuwa har da tambayar ya hanya, haƙora duk a waje.

Na ce ba komai, ai ko banza an yi gyara. Wata Hajiya ta sayi turmi uku, na yago mata risiti ina wani ɗaga kafaɗa. Ita ce mutum ta farko a tarihin shagon nan da ta tsaya ta karanta. Ta gyara tabarau ta ce, "Alhaji, da azumi a bakinka? Wa za a kawo wa?"

Na karɓa na duba. "Allah ya kawo karuwa." Ƙugiyar kawai ɗan banzan ya cire! Yarona ya shige bayan bandiran shadda, kafaɗarsa kawai nake hangowa tana rawa.

A daren na goge layin, yanzu "Mun gode" ce kawai, kuma wayata ba ta ƙara barin aljihuna ranar kasuwa. Sai da na kira Alhajin Maraɗi sau uku ina ba da haƙuri kafin ya dawo bayan sallah ya ɗauki dila ɗaya. Na miƙa masa risitinsa tsaf ba kuskure ko ɗaya, ya karɓa ya naɗe sauran goronsa a ciki.