Newgrange ta wuce a ce mata tsohon kabari kawai

Wani mai rahoto ya kira Newgrange ta ƙasar Ailan, wani katafaren tudu da aka gina da ƙasa da duwatsu mai ɗaki a ciki, "tsohon kabari" ya wuce, amma wallahi ya rage mata daraja. Na shiga cikinta, kusa da kogin Boyne a yankin Meath. An gina ta wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ta girmi dalar Giza ta Masar.

Hanyar shiga matsattsiya ce, tsawonta mita 19, sai ka ranƙwafa, kafaɗarka na gogar dutse. A ɗakin ciki ka ɗaga kai ka ga yadda suka jera faifan duwatsu, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa har suka haɗe a sama. Babu siminti, babu ƙarfe, kuma har yau ruwa bai yoyo, a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yar tagar da ke saman ƙofa. Wajen 21 ga Disamba, lokacin da yini ya fi gajarta, hasken fitowar rana yana bi ta nan har cikin ɗakin na kimanin minti 17. Farfesa Michael O'Kelly, masanin kayan tarihi da ya tona wurin, ya gani da idonsa a 1967. Yanzu sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu shiga a waɗannan ranakun.

Farin bangon gaba ne bai kwanta mini ba. Sabon gini ne na shekarun 1970, kuma masana da dama suna jayayya ko haka yake tun asali.