Sun ɗauki hotonmu da murhu, sun koma da murhunsu

Bara war haka, ana tsakiyar hunturu, aka yi shela a unguwarmu nan Tawa cewa mata su fito, baƙi sun zo da maganar murhun zamani na masu ƙaramin ƙarfi. Muka fito har da masu jego. Farar mota a ƙofar gida, tabarmi an shimfiɗa, wani saurayi da rigar poroje yana ta bayani yadda hayaƙi ke lalata huhu, mu kuwa da muka tsufa cikin hayaƙin muna zaune muna gyaɗa kai kamar yau muka fara jin labari. Aka ce kowace ta kawo kwafin katin ɗan ƙasa. Na biya kuɗin kwafi na kaina da na Inna. Aka rubuta sunaye, aka ba mu 'yar takarda mai lamba, aka jera mu bayan murhu guda ɗaya tal mai ƙyalli aka ce mu yi murmushi. Da aka gama hoto suka naɗe allonsu, suka ɗauki murhun suka sa a bayan mota. Wai nan da wata biyu za a kawo namu.

Yau shekara guda ke nan. Takardar tana nan cikin kwallar Inna, ƙarƙashin turamen zannuwanta.

Ba rashin murhun kaɗai ya sa nake wannan rubutu ba, rainin hankalin ne ya ishe ni. Duk wanda ya tashi maganar girki mai tsabta, kalmar farko a bakinsa ita ce wayar da kan mata. Wane kai za a wayar? Matar da ke hura wuta tun tana 'yar shekara takwas, idonta ja kamar gauta, ita za ka koya wa cewa hayaƙi ba ya da kyau? Inna ba ta taɓa shan taba ba a rayuwarta, amma in ta fara tari da asuba sai maƙwabta sun jiyo ta ta katanga. Na kai ta gidan likita, aka rubuto magani, aka ce, "Hajiya, ki nisanci hayaƙi." Ta dube ni na dube ta. Da muka fito ta ce, "To 'yar nan, in nisance shi mu ci me?"

Ga lissafin da masu taro ba sa son yi. Ni malamar kwantaragi ce, mu goma sha ɗaya ne a gida. Itacen sefa 500 muke ƙonawa a rana in an yi tattali, ranar dafa wake kuwa sai an ƙara. A wata ya tasam ma jaka goma sha biyar. Farashin da hukuma ta ƙayyade na cika ƙaramar tukunyar gaz mai kilo 6 sefa 1.800 ne, babbar mai kilo 12 da rabi kuma 3.750. Ko yaron firamare ya san wanda ya fi araha. To me ya hana mu? Kuɗin shiga. Tukunyar kanta, da kan da ake ɗaurawa, da mazaunin da za a aza tukunyar abinci, dole a biya su gaba ɗaya rana ɗaya. Na je tambaya a shago, mai shagon ya faɗa mini kuɗin da ya haura jaka ashirin. Mai itace yana sayar mini na dala ashirin, in babu ya ba ni bashi zuwa gobe. Mai gaz ba ya gutsurawa. Shi ya sa talaka ke biyan tsada kullum, kaɗan-kaɗan, don ba ya da dunƙulallen kuɗin da zai sayi araha. Matsalar ke nan gaba ɗayanta, kuma ba ta buƙatar taron kwana uku a otel da ruwan gora.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba a ce kuɗin babu ba. A watan Mayun 2024 aka yi babban taro a Paris kan girki mai tsabta a Afirka, aka yi alƙawarin dala biliyan 2.2, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Kowa ya san waɗannan alƙaluma, ana karanto su a rediyo da murya mai tausayi. Amma tsakanin bakin mai alƙawari da madafar Inna akwai hanya mai tsawo, kuma a kowane zango sai an sauke wani abu: kuɗin zama, kuɗin mai, kuɗin masani da aka ɗauko daga nesa ya zo ya ƙirga mana duwatsun murhu ya tabbatar uku ne. Kafin a iso unguwa saura hula da riga da hoto.

Kuma ba ƙasar da ba ta da abin hura wuta ba ce. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ a Damagaram ke fitar da gaz. Ga gawayin ƙasa a Anu Araren can jihar Agadas, ga wani kwance a Salkadamna, a nan jiharmu, tun ina yarinya nake jin sunan wurin. Duk da haka mafi yawan gidajen Nijar da itace suke girki. Maƙwabciyata da ta yi ta maza ta sayi tukunyar gaz da kuɗin adashinta, in gaz ya yanke a gari sai ka ga ɗanta yana yawo da ita a bayan babur daga wannan depo zuwa wancan, in an samu kuma an ɗora wani abu kan farashi. Ranar sai ta dawo wajenmu roƙon garwashi. Ina za ka ce wa mace ta rabu da duwatsunta alhali ba ta da tabbacin gobe?

Su kansu murahun da ake kawowa daga waje, da alama wanda ya ƙera su bai taɓa ganin ana tuƙa tuwon mutum goma ba. Ka aza babbar tukunya, ka sa muciya da ƙarfi, abu ya yi ta rawa kamar zai kife a ƙafarka. Alhali muna da namu. Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka tun shekarun 1980 aka san su a ƙasar nan, maƙeranmu na kasuwa suna bugawa daidai da girman tukunya, kuma suna rage cin itace ƙwarai. Ba su kawar da hayaƙi duka, na sani, amma da babu gara ba daɗi. In da gaske ake, a zuba kuɗin a kan farashi: a biya maƙeri rabi, mace ta biya rabi. Tukunyar gaz kuma a ba da ita bashi ta hannun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda tun 1991 suka fara a jihar Maraɗi suka bazu ko'ina, kowane mako suna zubi suna rance suna biya ba tare da ɗan sanda ba. Matar da ke iya fitar da 500 kullum don itace za ta kasa biyan jaka guda a mako? Amma wannan hanya ba ta da bikin buɗewa, ba ta da kilishi da jawabi, ina jin shi ya sa ba ta burge kowa.

Ga hunturu ya sake shigowa. Duk wanda ya san sanyin Adar, wato ƙasarmu ta Tawa, ya san ba a kwana da shi haka nan. Da dare sai a zuba garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma saboda ƙura. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Na sani, ina koya wa yara wannan a aji. Sannan in dawo gida in tarar da kasko a ɗakin Inna, in fitar, ta bari in yi barci ta mayar. "Ƙasusuwana ne ke ciwo, ba naki ba," in ji ta. Masu poroje ko sau ɗaya ban ji sun ambaci ɗumama ɗaki ba, kamar mu a nan zafi kawai muka sani.

Inna 'yar ƙasar Keita ce, a nan jihar Tawa. Tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a ka suka dasa itatuwa lokacin babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara can a 1984, bayan fari ya cinye komai. Har yau in ta ga amalanken jaki ya shigo gari da ɗanyen itace sai ta yi tsaki ta kau da kai, sannan ta kira shi ta saya, don babu yadda za ta yi. Yaran ƙauye da ke zuwa yanzu sun ce sabara da geza ma sai an yi tafiya mai nisa. Wasu gidajen sun koma kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki. Wasu kuma da leda suke tada wuta, yaro na goye a baya yana shaƙa.

Makon jiya na samu lambar ɗaya daga cikin waɗanda suka zo, na kira. Ya ce, "Madam, kashin farko an rufe shi, amma sunanku na nan cikin kwamfuta, a ƙara haƙuri." Na tambaye shi hotonmu fa, shi ma yana jiran kashi na biyu ne ko ya riga ya isa inda aka aika shi? Sai ya ce ba ya ji na sosai, layi ba kyau.

Da na faɗa wa Inna, ba ta ce komai ba. Ta buɗe kwalla ta ciro takardar, ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini ta ce in duba ko lambar ba ta goge ba. Sannan ta ce in leƙa waje in tsayar da mai itace kafin ya wuce, yau wake za a dafa.