Nasiha Ga Matasan Da Ke Tayar Da Tsohuwar Mota A Gida

'Yan uwana matasa, assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi har motar Kwatano ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, na lura da yawa daga cikinku sun koma ga tsofaffin ƙananan motocin da aka jingine a lungu ko a gindin darbejiya, kuna sayensu da araha kuna jawo su ƙofar gida da niyyar tayar da su da hannunku. Niyya ce mai kyau, ina kuma cikin masu ƙarfafa ta, domin ni ma na shafe kusan shekara guda ina fama da wata Golf 3 a ƙofar gidanmu kafin ta hau titi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin ana fara aikin daga inda ya kamata a ƙare shi, saurayi ya kashe rabin kuɗinsa a kan fenti da rigar kujeru da lasifika, alhali birkin motar yana nutsewa har ƙasa idan an taka.

Kafin gyara akwai saye, kuma mafi yawan nadama a nan ake shuka ta. Ka karɓi takardar kwastan da shaidar mallaka, ka duba lambar shasin da ke jikin motar, wadda haruffa da lambobinta 17 ne, ka gwada ta da wadda ke cikin takarda ɗaya bayan ɗaya, sannan a rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu. Motar da ba ta da takardu, ko kyauta aka ba ka, fitina ka jawo wa gidanku, domin ranar da aka tare ka a hanya babu mai tambayar ka yawan gumin da ka zubar a kanta. Magabata sun ce araha ba ta ado.

Bayan takardu sai tsatsa, wadda a ganina ta fi lalacewar inji muni. Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da Golf 3 a shekarar 1991, Toyota kuma ya daina ƙera tsohuwar Starlet a 1999, ka ga ke nan ko ƙaramar cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar. Yawancinsu sun yi rayuwarsu ta farko ne a Turai, inda ake barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, kuma gishirin nan ne yake maƙalewa a ƙarƙashin mota yana cin ƙarfenta shekara da shekaru kafin ta iso tashar jirgin ruwa. Saboda haka kada ka ji kunyar kwanciya a ƙasa da tocila a gaban mai sayarwa. Ka ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ka cire safaya taya ka duba raminta, ka ƙwanƙwasa dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, ka kuma duba inda kan shokazoba yake zaune a cikin bonet. Idan ka soka sukundireba ya shige kamar cikin kuka busasshiya, ka yi wa mai motar godiya ka kama hanya. Inji ana saukewa a ɗora wani cikin yini biyu, amma gangar jikin da ta ruɓe a wurin da take ɗauke da nauyi ba ta komawa yadda take, kuma ita ce za ta kare ka ranar haɗari. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, duk inda ya ƙi kamawa a jikin ƙofa ko gefe, an cika wurin ne da kwaɓin cike rami aka yi fenti a kai.

Shi kuwa inji, da sassafe ake zuwa ganinsa, kafin a ɗumama shi a ɓoye aibinsa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji mai shan baƙin mai, baƙin hayaƙi na nuna fetur yana shiga fiye da kima, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuma yana nuna ruwa na shiga silinda. Idan ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka tarar da abu mai kama da kindirmo, akwai yiwuwar gasket ɗin kan inji ya ƙone, sai ka sa kuɗin wannan aikin a lissafi kafin ka taya.

To, mota ta iso gida. Ina roƙonka don Allah ka fara da birki, kada ka sayi ko gwangwanin fenti ɗaya sai ka gama da shi. Ka bi bututun birki tun daga gaba har ƙafafun baya, ka canza duk wanda tsatsa ta ci da duk robar da ta tsattsage ko ta kumbura. Man birki yana shan danshin iska, idan ya tsufa sai ya tafasa a kan gangara birki ya ɗauke gaba ɗaya, shi ya sa masu ƙera motoci suke cewa a zubar da shi a sa sabo duk bayan shekara biyu. Ka sayi wanda aka rubuta a murfin tankinsa, yawanci DOT 4, a cikin gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya yana takawa ɗaya yana kwance noti, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da famfon birki. Akwai ɗabi'u biyu da suka yaɗu a tsakaninmu waɗanda nake jin tsoron Allah a kansu: zuba ruwan sabulu a madadin man birki, da toshe bututun ƙafar da ke yoyo a bar mota tana tsayawa da ƙafa uku. Wanda ya aikata haka kuma ya ɗauki mahaifiyarsa ko ƙannensa, ko ya bi ta gaban makarantar firamare lokacin tashi, ya sani ran da ke hannunsa amana ce da za a tambaye shi.

Taya ma tana da shekaru kamar mutum. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta tsufa robarta tana bushewa ko da zanenta yana nan daram, kuma kwaltar watan Afrilu tsakanin Kano da Zariya ba ta yi wa irin wannan taya uzuri. Daga nan ka ɗaga gaban motar ka girgiza kowace ƙafa, idan tana wasa, ka canza abin da ya saki a sitiyari ko a ƙafar kafin ka wuce gaba.

Sai bayan wannan ne ake komawa ga lafiyar inji. Ka canza baƙin mai da matatarsa da fulogi, ka kuma canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, tun da ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, domin a injuna da yawa tsinkewarsa na sa fistin ya doki bawul, aikin 'yan dubbai ya koma na sauke inji. Game da sanyaya inji, na san za a ba ka shawarar cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwan sanyaya har inji ya kai zafin aikinsa, a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan shawara ba. Injin da bai kai zafin aikinsa ba yana ƙara shan fetur kuma yana saurin cinyewa, mota mai yawan zafi kuwa tana da dalili, ko dai lagireto ya toshe da ƙasar ruwan rijiya da aka daɗe ana zuba masa, ko famfon ruwa ya mutu, ko murfi ya daina riƙewa. Ka nemo dalilin ka gyara shi, kuma kada ka taɓa buɗe murfin ruwa inji yana da zafi.

Akwai wata rana da damina da ba na mantawa da ita. Na ɗaga motata da jak a kan ƙasa mai taushi, na shiga ƙarƙashi na ɗaure salansa, fitowata ke da wuya jak ya nutse gefe guda motar ta zauna daidai inda ƙirjina yake. Allah ne Ya tsare, kuma tun daga ranar ban sake shiga ƙarƙashin mota ba sai na tokare ta da ƙarfen tokari ko gungumen katako mai kauri, na sa dutse a bayan tayoyin da ke ƙasa, na kuma tura tayar da na cire a ƙarƙashinta. Bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kada ka dogara da shi. Ka cire wayar batir ta negatif kafin ka taɓa wayoyi, kada ka tayar da inji a rufaffen ɗaki domin hayaƙin salansa yana kisa a ɓoye, kuma kada a kusanci tankin mai da wutar walda ko da an ce babu komai a ciki.

Ba kowane aiki ne na gida ba, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bidiyon YouTube zai nuna maka yadda ake kwance abu, amma ba zai ji ƙarar injinka ba kamar yadda dattijon bakanike da ya shekara talatin a gareji zai ji ta tun daga bakin ƙofa. Ka je wurinsu da ladabi, ka biya su haƙƙinsu, ka bar musu waldar gangar jiki da buɗe giya da gyaran cikin inji. Abin da za ka kwance da kanka, ka ɗauki hotonsa da waya tukuna, ka zuba notinan kowane sashe a gwangwaninsa daban. Idan za ka sayen kayan gyara a Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka riƙe tsohon kayan a hannunka don a gwada. Ƙofa da fitila da gilashi da injin caji ana iya sayen na Beljiyam, amma takalmin birki da bel da robobi da matata sababbi ake saye. Kada kuma ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin cefanen gida saboda mota, ka tara ka yi aiki ɗaya, ka sake tarawa. Maƙwabta ma suna da haƙƙi: kada ka tare musu lungu wata da watanni, kada ka zubar da mataccen mai a kwata inda yara ke wasa.

Idan an zo ga fenti, a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana, a yanke abin da ya ruɓe a yi masa faci da walda, sannan a shafa. Na san wasunku suna gyarawa ne don su sayar su sami riba, kuma halal ce, matuƙar an faɗa wa mai saye gaskiya. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa a cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ramin tsatsa da aka cike aka lulluɓe da fenti mai sheƙi, da baƙin mai mai kauri da aka zuba don a danne hayaƙi ranar ciniki, da lambar tafiya da aka mayar baya, duk jiƙaƙƙen abinci ne a ƙarƙashin busasshe.

Ranar da za ka fara fitar da ita, ka tabbata ka sabunta takardu ka yanki inshora, ka zaɓi hanyar da babu jama'a, ka tafi kai kaɗai ba tare da abokai ba. Ka gwada birki a tafiyar sannu sau da yawa kafin ka ƙara gudu, idonka yana kan allurar zafi. Bayan kamar kilomita 50 ka tsaya ka sake ɗaure notinan tayoyi, da daddare kuma ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe ka duba abin da ya ɗiga a kai da kuma daidai inda ya ɗigo.