Fayil yana nan, mai karanta shi ne ya ɓace

Duk kamfanin da ya daina sayar da wani wasan kwamfuta, kamata ya yi ya wallafa bayanin yadda ya tsara fayilolin wasan. Ba cewa nake ya raba wasan kyauta ba. 'Yar takarda kawai nake nema mai cewa ga inda hotuna suke, ga inda sauti yake, ga yadda aka matse su.

Lalacewar faifai ba ita kaɗai ke kashe tsohon wasa ba. Kana iya kwafe fayil daga faifan 1995 ka zuba a kwamfutar yau, ko ɗigo bai canja ba, amma in babu manhajar da ta san tsarinsa, tarin lambobi ka tara. A wancan zamani ma'adanar kwamfuta ba ta da yawa, don haka kowane kamfani da nasa salon cusa kaya: Westwood na da MIX, Blizzard na da MPQ tun daga wasan Diablo har ta koma CASC a 2014, bidiyon wasanni da dama kuma a tsarin Smacker yake. Akasari ba a yi wa kowa bayaninsu ba.

Dubi wasan Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a 1993. Da gangan aka ware kayan wasan daga manhajarsa, aka zuba su a fayil mai suna WAD. In ka leƙa cikinsa, haruffa huɗu za ka fara cin karo da su, IWAD ko PWAD, sai lambar da ke faɗin yawan guntayen da ke ciki, sai wata mai nuna inda jerin sunayensu yake. Bayit 12 ke nan (bayit ɗaya wurin harafi ɗaya ne a ma'adana), shi ke nan ƙofa ta buɗe. Kowane guntu sunansa bai wuce haruffa takwas ba. Kafin shekara ta zagayo masu sha'awa sun rubuta bayanin tsarin, suna ta ƙera nasu matakan wasan. A Disamba 1997 John Carmack, jagoran masu rubuta manhajar Doom, ya saki rubutun asalin manhajar. Yau, shekara 30 da ɗoriya, WAD ɗin 1993 na buɗewa a waya, kuma har gobe ana sayen Doom da kuɗi. To ina asarar?

Masu adawa kan ce bayyana tsari gayyatar ɓarayi ce. Wannan hujja ba ta riƙe ruwa: mai satar wasa fayil ɗin yake kwafewa ɗungurungum, bai damu da abin da ke ciki ba. Hujjar da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta haƙƙin wasu. Carmack kansa sigar Doom ta kwamfutoci masu Linux ya saki, domin ta masu DOS na ɗauke da manhajar sauti ta wani daban. Amma wannan cikas ne ga sakin manhaja. Bayanin tsarin fayil ba ya ƙunshe da kayan kowa.

Inda kamfani ya yi shiru, 'yan sa kai ne ke shan wahala. Masu ScummVM, manhajar da ke buɗe tsofaffin wasanni a kwamfutar yau, sun soma a 2001 da wasannin kamfanin LucasArts, suna zaune suna tono tsarin fayilolin da kansu. Aikin da shafi goma daga kamfani zai gama, sai ya cinye musu watanni. Kuma shahararrun wasanni ne ke samun irin wannan gata. Wanda ba shi da masoya, sai dai Allah ya jiƙan rai.

Binciken da gidauniyar adana tarihin wasanni, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. A Oktoba 2024 kuma ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi barin ɗakunan karatu su ba manazarta damar buga irin waɗannan wasanni daga nesa. Tunda kamfanoni sun yi nasarar riƙe wasan, aƙalla su saki bayanin. Electronic Arts ta wuce nan ma a 2020, da ta saki rubutun manhajar Command & Conquer na farko da Red Alert, kuma ba ta rushe ba.