Masu kamun ƙafa a majalisa: su wa ke shiga falon ciki?

Duk wanda ya taɓa raka wani gidan honarabul da daddare ya san abin da nake nufi. Za ka tarar da mutane a benci tun la'asar suna jira a ce su shigo, can sai wani ya iso a jif, maigadi ya wangale masa get ba ko tambaya, ya wuce falon ciki. Duk kamun ƙafa suka zo yi fa, amma na benci aiki yake nema wa ɗansa, na falo kuma layi ɗaya yake so a cire ko a cusa a cikin doka, kuma wannan layin zai iya fin albashin mutanen bencin nan gaba ɗaya.

Irin na falon nan ne Turawa suka mayar sana'a. A Amurka kamfanoni ne guda, ka biya su su je su shawo maka kan 'yan majalisa, har wani titi a Washinton mai suna K Street ya yi suna da su, kuma abin da ake kashewa a harkar ya haura dala biliyan 4 a shekara. Da yawansu tsofaffin 'yan majalisa ne ko yaransu na ofis, sun san wa ke riƙe da wane kwamiti. Kuma ba lallai da jakar kuɗi suke zuwa ba. Ɗan majalisa yana da kudiri mai shafi ɗari uku a gabansa, bai karanta ba kuma ba zai karanta ba, sai ga wani ya zo da bayani a taƙaice, da alƙaluma, har da gyaran da lauyansa ya rubuto, sa hannu kawai ya rage. Gobe a haɗa masa taron tara kuɗin kamfe, in ya faɗi zaɓe ga kujera tana jiransa a kamfani. To wa zai saurara?

Amma ko ba komai tun 1995 suna da doka, dole ka yi rajista ka faɗi wa kake wa aiki da nawa ya biya ka.

Mu nan babu. A 2016 Sanata Dino Melaye ya kawo kudiri a kan haka, ya tsallake karatu na biyu, shiru kake ji. Shi ya sa komai a duhu ake yi. Dokar man fetur tun 2008 take yawo a majalisa, sai 2021 Buhari ya sa mata hannu, kana ganin shekara 13 ɗin nan barci kamfanonin mai suka yi? In babu fitila kuma tsakanin kamun ƙafa da cin hanci taku ɗaya ne, ku tuna ɗan majalisa Farouk Lawan da dalolin da ya karɓa daga ɗan kasuwa Femi Otedola a binciken tallafin mai na 2012, abin da ya kai Farouk gidan yari.

Ni dai ban ga laifin kamun ƙafar kanta ba, wanda bai yi kuka ba ai ba ya samun nono. A nan Kaduna gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Oktoban 2024 suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon kuɗin harajin sayen kaya (VAT) da ke cikin kudirin gyaran haraji ba, kuma sai da aka taɓa kudirin kafin ya zama doka. Matasa ma sun bi 'yan majalisa ofis-ofis har aka rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018. Bambancin shi ne waɗannan kowa ya gan su, ya san me suke so.

Abin da ke damuna shi ne wanda ba shi da kowa. Masaƙun unguwar Kakuri a nan Kaduna sun mutu, masaƙar KTL ta rufe, UNTL ta bi baya a 2007, dubban magidanta suka koma acaba da gadi, masu shigo da atamfa daga waje kuwa ba su taɓa rasa mai ɗaga musu waya ba. Mambobi 34 ne a majalisar dokokin jihar Kaduna da ke Lugard Hall, a fara da su mana: a ajiye littafi a ƙofar kowane kwamiti, duk wanda ya zo kan wani kudiri ya rubuta sunansa da wanda ya aiko shi, a riƙa lika shi a intanet duk wata. Na gaya wa wani abokina da ya taɓa yin aiki da ɗan majalisa, ya yi dariya ya ce Malam ai sai miting ɗin ya koma otal a Abuja.