Kano zuwa Sakkwato: tafiyar awa ɗaya ta koma ta wuni guda

Jama'a, wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, tazarar ta sama kusan kilomita 370 ce. Jirgin fasinja zai cinye ta cikin kimanin awa ɗaya. Amma je ka nemi tikiti ka ji. Yawanci cewa za a yi sai ka fara sauka Abuja, sannan ka kama wani jirgin ya juyo da kai arewa.

Ku yi lissafi da kanku. Kano zuwa Abuja kusan kilomita 360 ne, Abuja zuwa Sakkwato kusan 490. An tashi 850 kenan, ya haura ninki biyu. Ga kuɗin tikiti biyu, ga zaman jira tsakanin jirgi da jirgi. In kuwa lokacin hunturu ne hazo ya sauko, aka ɗage tashin na farko, to na biyun ya tafi ya bar ka, sai neman masauki a Abuja da kuɗin da ba ka yi niyyar kashewa ba. Mai zuwa Maiduguri ma, da tazararsa ba ta wuce kusan kilomita 500 ba, yakan sha irin wannan zagaye.

Wani zai ce to a bi mota mana. Wallahi wanda ya san hanyar Funtuwa, Tsafe, Gusau a 'yan shekarun nan ba zai faɗi haka da sauƙin baki ba. Tafiya ce ta sama da kilomita 500, ana yi ana addu'a, iyali na ta bugo waya. Dattijon da zai zo ganin likita a Kano, da ɗan kasuwar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari, da malamin jami'ar da aka gayyata duba jarrabawa, duk a cikin wannan ƙunci suke.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, tun 1925. Gari mai wannan tarihi a ce sai ya bi ta Abuja kafin ya gaisa da maƙwabtansa?

Na san hujjar kamfanonin: man jirgi ya yi tsada, kuma babban jirgi ba zai cika ba. Gaskiya ne. To ai hanyar ba ta babban jirgi ba ce. Akwai masu farfela, masu kujeru kusan 70, da aka ƙera domin gajeren zango, ba sa shan mai sosai. Gwamnatocin Kano da Sakkwato da Borno za su iya zama da kamfani ɗaya, su lamunce masa wasu kujeru na ma'aikatansu da ke yawan tafiye-tafiye, ya riƙa tashi ko sau uku ne a mako, a rana da lokacin da kowa ya sani. 'Yan majalisarmu da shugabannin 'yan kasuwa, don Allah ku ɗauki maganar nan ku kai ta gaban gwamnoni.